Na yi digiri, ina son rubuta talla, Abba ya ce sam

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 24, a Kano nake. Na karanci aikin jarida a jami'a, na gama bautar ƙasa wata tara da suka wuce. Tun ina aji uku da aka koyar da mu darasin talla zuciyata ta tafi can. Ko a adaidaita sahu nake na ji talla a rediyo, sai in riƙa gyara ta a raina. Marubuciyar talla nake son zama.

Na tura CV ɗina kamfanonin talla sama da 30, yawancinsu a Legas. Biyu ne kawai suka amsa, su ma cewa suka yi in turo ayyukan da na taɓa yi, kuma mai gogewar shekara biyu suke nema. Anti, ina zan samo gogewa in ba a ɗauke ni ba?

A gida kuma Abba, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya ce bai kai ni jami'a don in ƙare a talla ba. Ya ce sana'ar ƙarya ce da roƙo, zancen Legas ma kar in sake tayar masa da shi. Ya samo mini koyarwa a wata makarantar kuɗi kusa da gida, albashi naira 45,000, ana jiran amsata kafin sabon zango. Umma tana tausaya mini, amma ta ce kar in ja da mahaifina. Sai kuma wani mai situdiyo da ke haɗa jingil ya ce in zo in yi masa aiki wata shida ba biya, in ya ga hannuna zai duba. Wata ƙawata kuma ta ce lokacina nake ɓatawa, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun riga sun cinye aikin. Turancina ma ba irin na 'yan Legas ba ne, Hausa ta fi zama a bakina. Na fara tunanin ko dai in haƙura. Me zan yi?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk biyun a wuri ɗaya na tsaya, inda kika ce kina cikin adaidaita sahu ki ji talla ki riƙa gyara ta a ranki. Na yi shekaru a sashen kasuwanci na gidan rediyo, ina rubuta talla ina gyara ta wasu, kuma duk wanda na ga ya yi nisa a sana'ar nan da wannan ɗabi'ar ya fara. Saboda haka ki cire wa ranki cewa kin ɗauko abin da ba naki ba. Na kuma san zaman gida bayan an cire kakin bautar ƙasa. Alawus ya yanke, kuɗin data sai an tambaya, waya ta yi ƙara ki zabura ki ga ba su ba ne. Abin yana cin mutum a hankali har ya fara zargin kansa. Kar ki zargi kanki, ƙanwata. Hanyar da kika bi ce ba ta ɓullewa, kuma ana iya sake hanya.

Kamfanoni biyun da suka amsa miki sun faɗa miki gaskiyar sana'ar a taƙaice. Rubutun talla kamar ɗinki yake. In za ki kai wa tela atamfar Sallah, ba kya cewa ya nuna miki takardar shaidar inda ya koya. Rigar da ke rataye a shagonsa kike ɗagawa ki duba bakin ɗinkin. Shugaban sashen ƙirƙira a kamfanin talla haka yake. CV yana gaya masa makarantar da kika yi, shi kuwa abin da ya dame shi daban: in ya ba ki sabulu ya ce ki sa matar aure a Gwammaja ta ajiye wanda ta saba da shi ta gwada wannan, me za ki rubuta? A cikin takardu 30 ɗin da kika tura babu wadda ta amsa masa wannan. Zancen gogewar shekara biyu kuma rariya ce da ake sawa don a rage yawan masu nema, na sha ganin an tsallake ta saboda wanda ya zo da aikin da ya kama ido.

Ba mamaki kusan duk adireshin da kika samu na Legas ne. Tun 1928 kamfanin UAC ya kafa West African Publicity, wanda daga baya ya koma Lintas, shi ake lissafawa a matsayin kamfanin talla na farko a ƙasar nan. Masu talla suna zama ne kusa da masu biyansu, su kuwa manyan masu sabulu da madara da bankuna da kamfanonin waya can hedikwatocinsu suke. Amma ba a Legas kaɗai ake sayar da kayan ba. Ki shiga kasuwar Singer da hantsi ki ga tirelolin da ke sauke taliya da madara da sinadarin ɗanɗano, ki tuna wasu kayan daga nan Maraɗi da Damagaram za su wuce. Masu sayen nan da Hausa suke ciniki, da ita suke shawara a gida, kuma a rediyo da waya suke jin labarin kaya.

Shi ya sa abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki kamar kina jin kunyarsa, wai Hausa ta fi zama a bakinki, ni shi na fi gani a matsayin jarinki. Bari in gaya miki yadda yawancin tallar Hausa ta manyan kamfanoni take zuwa mana. Da Turanci ake tsara ta, a yi makonni ana kai-komo har mai kaya ya amince, sai saura kwana biyu a sa a iska a tuna da Arewa, a tura wa wani ya fassara a gurguje. Wata rana an kawo mana irin wannan, tallar asusun ajiya, tana cewa: "Makomarka tana farawa yau. Ka ɗauki mataki na gaba tare da mu." Kowace kalma Hausa ce, amma babu Bahaushen da ya taɓa faɗa wa ɗan'uwansa haka. Ga shi kuma mata masu adashi ake son jawowa, ana ta ce musu "ka". Turanci kalma ɗaya gare shi ta wanda ake yi wa magana, namiji ne ko mace, mutum ɗaya ne ko taro. Hausa ba ta da wannan maɓoya. Dole ki zaɓa, ka ne, ki ne ko ku ne, kuma daga zaɓin ake gane ko marubuci ya san da wa yake magana. Muka nemi izini muka sake ta. Muka buɗe da muryar mace tana tambayar maƙwabciyarta ta katanga, "Wai uwar adashinku ta dawo daga tafiyar kuwa?" Ɗayar ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Har yau shiru, ga shi ni ce da kwasa." Duk matar da ta taɓa zubi ta san wannan faɗuwar gaban, ba sai an yi mata bayani ba. Daga nan sai a kawo zancen asusun, kunnenta a buɗe yake.

Wannan ba ya nufin ki saki Turanci. Da shi za a ba ki bayanin aiki, abin da suke kira birif, da shi kuma za ki kare rubutunki a gaban wanda ba ya jin Hausa. Turanci mai sauƙi mai tsabta ake so, ba na burga ba, kuma kina da shi tunda kin yi digiri da shi. Sana'ar ma ba gadon 'yan Legas ba ce. Steve Babaeko, wanda ya kafa kamfanin X3M Ideas a 2012, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya karanci wasan kwaikwayo, ya fara a matsayin ƙaramin marubucin talla a shekarun 1990. Ki kuma kula da rubutun Hausar kanta. Wanda zai sa kalmominsa a allon bakin titi dole ya raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, ya san inda ake haɗa kalma da inda ake rabawa. Masu jin Hausa suna da yawa, masu iya rubuta ta daidai kaɗan ne.

Yanzu ga aikin. Ki daina tura CV na tsawon wata uku, ki haɗa kundin ayyukanki. Guda takwas sun isa, in dai kowanne za ki iya tsayawa a kansa. Aƙalla uku su zama na mutanen gaske masu kayan gaske: matar unguwarku mai turaren wuta ko garin kunu, mai atamfa a Kantin Kwari da ke sa kaya a sitatus na WhatsApp ba tare da ko kalma ɗaya ba, mai shagon kayan sola a Sabon Gari. Ba za ki rasa su ba a cikin dangi da maƙwabta. Kar ki fara da rubutu. Ki je ki zauna a shagon awa guda, ki ji abin da masu saye ke tambaya, da abin da suke faɗa in za su tafi ba su saya ba.

A ce mai fankar sola ne. Kin san tallar da aka saba yi masa: "Albishirinku jama'a! Shahararren shagon nan da ya yi fice wajen kawo ingantattun kaya cikin farashi mai rahusa ya sake shigo muku da sababbin kaya. Sayen na gari mayar da kuɗi gida, sai kun zo!" Ki cire sunan shagon ki sa na mai gadaje ko mai takalma, za ki ga ta zauna daram. Tallar da ta dace da kowa ba ta sayar wa kowa komai ba. Amma in kin zauna kin tambaye shi su wa suka fi sayen fankar, wataƙila ya ce miki magidanta ne, a watan Maris da Afrilu, kuma da yawa sukan ce saboda mai jego ko saboda tsohuwa a gida. To kin samu bakin zaren. Sai ki buɗe da ƙarar kukan jariri, murya ta ce a hankali: "Ƙarfe biyun dare. An ɗauke wuta. Uwa ta ɗauki mafici, hannun dama ya gaji ta koma na hagu." Sannan ki kawo fankar, ki faɗi awa nawa take yi in rana ta cika ta, ki faɗi sunan shagon sau biyu da inda yake sau ɗaya. Kafin ki rubuta awannin nan, ki aro fankar ki kai gida ki kunna ki duba agogo. In awa shida ta yi, awa shida za ki rubuta, ko da mai shago ya ce ki ce tana kwana. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sakan 30 na rediyo ba ya ɗaukar fiye da kalma 70 ko kusa da haka in ana son mai sauraro ya numfasa, don haka ki karanta da ƙarfi kina duba agogon waya, ki yi ta yankewa. Yankewar ce aikin. Ki naɗi muryarki a ɗaki mai labule, ki kunna wa Umma tana tsakiyar girki, bayan an ci abinci ki tambaye ta me ta tuna. Abin da ta tuna shi ne tallarki, sauran duk iska ta kwashe. Daga nan ki ɗauki wannan tunanin guda ki gwada shi a wuri uku: rediyo, allon bakin titi wanda mai babur zai karanta yana wucewa, kalma shida ko bakwai ke nan, da kuma hoton WhatsApp ko gajeren bidiyon TikTok. Masu ɗaukar aiki suna son ganin tunani ɗaya da zai iya tsayawa a ko'ina. Ki nemi wata ko wani a cikin abokan karatunki mai iya zane a kwamfuta ku haɗa hannu, shi ma kundi yake nema, kuma dama a kamfanonin talla bibbiyu ake aiki, marubuci da mai zane. Sauran ayyukan su zama gwaji: tallar babban kamfani da kika ji ba ta zauna ba, ki sake ta yadda kike gyarawa a adaidaita sahu, ki rubuta a fili cewa gwaji ne ba wanda ya sa ki. Biyu ko uku su zama da Turanci. A ƙarƙashin kowace ta Hausa ki sa layi uku na Turanci: wa ake yi wa magana, me aka ce masa, me ya sa aka faɗa haka. Ki kuma roƙi masu shagunan su riƙa tambayar sababbin masu saye inda suka ji labari. In mai turare ta ce mutum tara sun kira ta a mako guda, wannan layin ya fi duk wani yabon kai da za ki rubuta.

Sai Abba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina so ki ji kalmar talla da kunnensa. Ke in an ce talla, ofis kike gani da rubutu da situdiyo. Shi kuwa yarinya yake gani da faranti a ka tana yawo a tasha lokacin da sa'o'inta suke aji. Malamin makaranta ne, wataƙila ya yi shekaru yana bin iyaye gida-gida yana roƙon a sauke wa 'ya'ya mata farantin nan a turo su makaranta. Ya yi nasa ƙoƙarin a kan 'yarsa har jami'a, sai ta dawo ta ce masa talla za ta yi. Kin ga inda abin ya soke shi. Zancen ƙarya kuma bai ƙirƙira ba. Yana jin masu lasifika a bakin kasuwa da maganin da ke warkar da cuta goma sha biyu, da kalaman da mutum ba zai so ya ji su yana tare da 'ya'yansa ba. Akwai wannan a cikin sana'ar, kuma wata rana za a zo miki da kuɗi a ce ki rubuta irinsa.

Saboda haka kar ki yi musu da shi, musu zai ƙara masa tabbaci ne cewa yarinta ke ɗibarki. Ki nuna masa. Ki gaya masa sana'a ce mai doka da hukuma: tun 1988 aka kafa hukumar kula da harkar talla, APCON, a 2022 sabuwar doka ta maye gurbinta da ARCON, wadda ke yi wa masu sana'ar rajista, kuma doka ta ce a tantance talla kafin a fitar da ita, tallar magani da abinci kuma sai da amincewar NAFDAC. Ki tuna masa cewa saƙon rigakafi da na kai mata awon ciki da na sa 'ya'ya mata a makaranta, duk da wannan alƙalamin ake rubuta su. Ya san yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 saboda jama'a sun rasa yarda, ya kuma ga 2020 da aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. A tsakanin shekarun nan sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya sun yi aiki, haka ma waɗanda suka zauna suna neman kalmar da za ta shiga kunnen uwa ba tare da ta ji an raina ta ba. Sannan ki ɗaukar masa alkawari da bakinki, ki shata iyakarki: ba ƙarya, ba batsa, ba caca, ba giya. Ya fi ni sanin hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya cikinmu. Ki ba shi labarin fankar da agogon. Mai talla na gaskiya shi ne wanda ya sa hannu cikin buhun kafin ya kira mutane.

Akwai wata dabara da na ga ta yi aiki a gidaje irin naku. Ki kai masa rubutunki da jan biro, ki ce, "Abba, don Allah a duba mini Hausar nan." Malami ba ya iya ganin rubutu ya ƙi gyarawa, kuma wanda ya gyara abu sau biyu sau uku ya fara jin nasa ne. In akwai kawu ko aminin Abba da yake jin maganarsa, ki fara nuna masa kundin, ya zo ya yi miki baki. Zancen Legas kuwa ki ajiye shi gaba ɗaya a yanzu. Babu aiki a hannu, ga kuɗin haya da ake nema na shekara guda a dunƙule, ga 'ya mace a garin da ba ta da kowa. Ko ni ce Abba sai na yi tsaye. Umma kuma ki sauke mata nauyin kai saƙo tsakaninki da mahaifinki. Tana tsakanin miji da 'ya, duk inda ta karkata sai ta ji ciwo. Ki bar ta a matsayin mai sauraronki ta farko, wannan gurbin zai yi mata daɗi.

Koyarwar nan ki karɓa. Na san 45,000 ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai kai ba, kuma na san zuciyarki ba ta can. Amma zai saya miki data da kuɗin mota, ya kwantar wa Abba da hankali, ya fitar da ke daga ɗaki kowace safiya. Ana tashi da azahar ko bayanta kaɗan, akwai Asabar, akwai dogon hutu. Makarantar ma tana neman ɗalibai kowace shekara kafin Satumba, ga mai kaya a gabanki: ki nemi rubuta musu tallar ɗaukar sababbin ɗalibai. Haɗarin ɗaya ne, kuma na ga ya kama mutane da yawa. Gajiya da makin littattafai su cinye yamma, a wayi gari shekara biyu ta wuce kundi bai motsa ba. Ki ware safiyar Asabar da yammaci biyu a mako, ki tsare su kamar lokacin aji. Yaran da za a ba ki kuma amana ne, ki koyar da su da zuciya ɗaya. Wanda ya iya sa aji na yara 40 su yi tsit su saurare shi ya koyi abin da zai yi masa amfani a rediyo.

Mai situdiyo ba lallai mugu ba ne. Ƙananan situdiyo da lokaci suke ci, azumi da Sallah da kakar siyasa, sauran watanni sai a hankali, kuma koyar da sabon hannu yana cin lokaci. A wurinsa za ki ga yadda ake ɗora murya, yadda ake haɗa sauti, yadda mai kaya ke sauya ra'ayi bayan an gama. Amma wata shida ba ko sisi, da "zai duba" a ƙarshe, ya yi yawa. Ki koma masa da ladabi da naki sharuɗɗan: wata uku, bayan an tashi daga makaranta da ranar Asabar, da rana ba da dare ba, kuɗin mota, duk rubutun da mai kaya ya biya a ba ki wani abu a kai ko yaya yake, kuma a yarda ki sa abin da kika rubuta a kundinki da sunanki. Ku rubuta wannan ko da a saƙon WhatsApp ne. Ranar farko ki tafi da yayanki ko ƙaninki a san wurin, Abba ma ya san inda kike. In ya yarda da komai ban da sharaɗin kundi, ki yi masa godiya ki tafi, domin shi ne kaɗai ribar da kika je nema. Kuma ba shi kaɗai ba ne a gari. Tun da Freedom Radio ta fara a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Kano, ga tashar talabijin ta Arewa24 tun 2014, kuma kowanne yana da sashen kasuwanci inda 'yan kasuwa ke zuwa da kuɗin sa talla ba tare da rubutu a hannu ba. Ki je da kundinki ki gaishe su.

Ƙawarki rabin gaskiya ta faɗa. Manhajojin nan sun fara cinye aikin gaggawa, irin fassarar kwana biyu da taken hoto na yau da kullum, kuma wanda iyakar abin da ya iya ke nan zai sha wuya. Ki koyi amfani da su, suna taimakawa wajen bincike da gyaran Turanci da jero tunani. Amma ki sa ɗaya ta rubuta miki tallar Hausa ki karanta wa Umma, sau da yawa za ki ji ƙamshin "makomarka tana farawa yau". Ba ta zauna a shagon mai fanka ba, ba ta san fargabar uwar adashi ba sai an gaya mata, kuma wanda ke Legas ba zai iya gane ko abin da ta ba shi ya zauna ba. Yana buƙatar mai kunne.

In kundi ya haɗu, ki sa shi a fayil ɗaya mai buɗuwa a waya da dannawa ɗaya. Wannan karon kar ki tura wa adireshin kamfani na kowa da kowa. Ki nemi mutum goma a LinkedIn, wato shafin sada zumunta na ma'aikata, shugabannin sashen ƙirƙira da manyan marubuta, waɗanda kamfaninsu ke riƙe da kayan da ake sayarwa a Arewa. Ayyukan da suka ci gasar LAIF, wadda ƙungiyar kamfanonin talla ta AAAN ke shiryawa a Legas, za su nuna miki su wane ne, su kuma nuna miki matakin da ake so. Saƙonki ya zama layi huɗu: ke wace ce, a Kano kike, kina rubuta talla da Hausa tun daga tushe ba fassara ba, ga misali ɗaya, kina neman aikin gwaji. Kar ki kushe aikinsu, ki ce ga wata hanyar da za a iya faɗar sa. Bayan mako biyu ki sake taɓawa sau ɗaya. A rashin tayi akan bar arha, kuma irin wannan aikin daga ɗakinki za ki yi shi, a biya ki a kan kowane rubutu. Ki tabbatar an rubuta farashi kafin ki fara; 'yan kasuwa ƙanana ki karɓi rabi tun farko, kamfanoni kuma ki sa a ranki biyansu yakan yi jinkiri. Ki leƙa bankuna marasa ruwa irin Jaiz da TAJ, kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, masu taki da iri, da ƙungiyoyin lafiya, duk suna da ma'aikatan sadarwa. Duk wanda ya ce ki biya kuɗi kafin a ɗauke ki, ko ya kira ki ganawa a otal, ki toshe lambarsa.

Ki ba wannan tsari shekara guda, ki rubuta ranar a bangon littafinki. In ta cika kina da masu kiranki biyu ko uku a kai a kai, to lokacin ne za a zauna da Abba a yi zancen barin koyarwa, ko na Abuja ko Legas in tayin ya zo a rubuce, kuma ba hannu rabbana za ki je masa ba. In abin bai kama ba, kundin nan zai buɗe miki sashen shirye-shirye a rediyo ko kula da shafukan sada zumunta na kamfani, albashinki kuma bai yanke ba.

Gobe ki je ki gaishe da Abba da safe ki ce masa kin karɓi koyarwar, kin gode. Ranar Asabar ki ɗauki littafi da biro ki tafi shagon farko. In kin rubuta sakan 30 ɗinki kin karanta wa Umma, ki turo mini tare da abin da ta tuna, zan duba miki. Allah ya yi miki jagora, ya sanyaya zuciyar Abba.